Manhajata ce ta ninka kuɗi, amma kashiya ake zargi da sata

Assalamu alaikum, Yaya. Ni matashi ne mai rubuta manhaja. Bara wani aminin mahaifina da ke da makaranta mai zaman kanta ya ba ni aikin gina masa manhajar karɓar kuɗin makaranta. Na yi ta da Laravel, wato tsarin gina manhaja da yaren PHP, da MySQL a matsayin rumbun bayanai. Iyaye suna biya ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ko su kawo kuɗi hannu kashiya ya shigar. Da aka zo lissafin ƙarshen zango, abin da manhaja ta nuna ya fi abin da ke banki da kusan naira 900,000. Alhaji mai makarantar ya dakatar da kashiya, dattijo ne mai iyali, an riƙe albashinsa, har ana maganar 'yan sanda. Da na leƙa rumbun bayanai sai na ga biya da yawa sun shiga sau biyu, wasu sau uku. Ban faɗa wa kowa ba. Wannan ne babban aikina na farko, kuma idan Alhaji ya sani mahaifina zai ji kunya. Ina tunanin in goge layukan da suka maimaitu cikin dare, lissafi ya daidaita da kansa, daga baya in sake gina komai da Node.js maimakon PHP, in rarraba shi ƙananan sabis, tunda an ce PHP ba ya ɗaukar babban aiki. Yaya, mece ce shawara?

Wa alaikumus salam, ƙanina.

Kada ka goge komai. Ko layi ɗaya kada ka taɓa a cikin rumbun nan, da dare ko da rana. Layukan da kake so ka share su ne shaidar da za ta wanke dattijon nan, a hannunka take, shi kuwa bai ma san tana nan ba.

Ka ɗauka ma ka goge ɗin. Alhaji yana riƙe da takardar lissafin da aka buga masa, ya ga jimilla da idonsa. Gobe a buɗe manhaja a ga wata jimilla daban, tambayar farko ita ce wa ya shiga ya canza, kuma amsar ba ta da nisa, domin kai kaɗai ne ke da mabuɗin rumbun. Lambobin layuka a MySQL bi da bi suke tafiya, duk inda aka cire layi giɓi zai fito. Idan MySQL 8 kake amfani da shi kuma ba a taɓa saitinsa ba, yana ajiye tarihin duk wani canji da aka yi a binlog har kwana 30. Duk wanda aka ɗauko ya duba zai ga an yi shara da tsakar dare, daga nan ka tashi daga yaro mai kuskure a kod ka koma abokin ɓarawo. Shi kuma dattijon ba zai fita ba. Ka san mutanenmu: idan kuɗi suka ɓata sannan suka dawo ba tare da bayani ba, cewa za a yi mai laifi ya ji tsoro ya mayar. Zai ci gaba da zama da wannan tabo a unguwa da masallaci, kuma 'ya'yansa za su ji ana faɗa.

Abin da ka faɗa a ciki ya taɓa faruwa a inda ba a zato. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata ko murɗe lissafi, saboda manhajar Horizon da kamfanin Fujitsu ya gina tana nuna giɓin kuɗin da babu shi. An ɗaure wasu, wasu sun karye wajen cike giɓin daga aljihunsu, wasu sun rasu ba a wanke su ba. Ɗaya daga cikin kurakuran ya bayyana a 2015 a reshen garin Dalmellington da ke Sikotilan: allo ya daskare lokacin tabbatar da karɓar kuɗi, duk dannawar da aka ƙara sai manhaja ta sake rubuta shigarwar a ɓoye, har giɓi ya kai fam 24,000. Irin cutar manhajarka ke nan. Sai a 2019 babbar kotu a Landan ta tabbatar, a ƙarar da mutum 555 suka shigar, cewa manhajar tana da kurakurai masu iya haifar da giɓi, kuma sai a 2024 majalisa ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen. Kuskuren kod ba shi ne ya ɗaure mutanen nan shekara da shekaru ba. Akwai waɗanda suka san manhajar tana kuskure, suka bari ana tuhumar wasu. Kai yau a wannan kujerar kake zaune, da bambanci ɗaya: naka bai kai kotu ba tukuna, kuma kana iya tare shi cikin makon nan.

Daren yau aikinka kwafi ne. Ɗauki cikakken kwafin rumbun da mysqldump, ka sa masa --single-transaction don kada aikin da ke gudana ya gurɓata shi. Fitar da hatiminsa da sha256sum ka rubuta a takarda da kwanan wata, domin ko wani ya yi zargin an taɓa fayil ɗin daga baya a iya gwadawa. Sannan ka kwashe log, wato tarihin buƙatun da suka shigo da abin da ya faru: na sabar, Nginx ko Apache, da na Laravel kansa. Wannan ba ya jiran gobe, domin sabar tana share tsofaffin log da kanta. A Ubuntu, Nginx kwana 14 kawai yake ajiyewa idan ba a canza ba. Ka shiga shafin Paystack ka sauke jerin duk biyan zangon. Duk binciken da za ka yi, a kan kwafi za ka yi shi, ba a kan rumbun da makaranta ke aiki da shi ba. Kuma ka tuna sunayen yara ne da lambobin wayar iyayensu a ciki, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe su. Kada ka tura fayil ɗin a WhatsApp, kada ka zuba shi a manhajar ƙirƙirarriyar basira wai ta duba maka.

A kan kwafin, tattara biyan da suka yi daidai a ɗalibi da adadi da rana, da GROUP BY da HAVING COUNT(*) > 1, ka dubi tazarar lokacin shigarsu. A nan nake so ka yi hankali sosai, domin zuciyarka za ta so duk giɓin ya zama maimaici, a huta. Ba duk layi biyu masu kama ne maimaici ba. Uba zai iya biyan rabi da safe ya ciko rabi da yamma. Wanda ba shi da gardama shi ne inda lambar shaidar biya ta Paystack guda ɗaya ta fito a layi biyu, domin Paystack sau ɗaya ya karɓi kuɗin nan. Na biye masa shi ne kuɗin hannu da suka shiga sau biyu da tazarar daƙiƙa biyu ko uku, log ya nuna buƙata biyu daga kwamfuta ɗaya, littafin rasit kuma ya nuna rasit ɗaya. Abin da bai faɗa cikin waɗannan ba ka ware shi gefe, ka rubuta a kansa cewa yana buƙatar a duba da takardu.

Akwai giɓin da ba maimaici ba kuma ba sata ba. Kamfanin biya yana cire kuɗin hidimarsa kafin ya tura wa makaranta, kuma ba nan take yake turawa ba, don haka biyan ranar ƙarshe ta zango zai iya sauka a banki bayan an rufe lissafi. Idan manhajarka cikakken abin da uba ya biya take rubutawa, wani ɓangare na naira 900,000 ɗin nan zai fito daga nan. Haɗa su duka ka ga abin da ya rage. Idan babu saura, alhamdu lillahi. Idan da saura, ka faɗi adadinsa kamar yadda yake, kada ka ɗora shi a kan kowa, kada kuma ka ɓoye shi don kare kowa. Kai abin da rumbu ya nuna ka sani, a nan iliminka ya tsaya.

Kada binciken ya zama dalilin jinkiri. Idan ya wuce kwana ɗaya bai kammala ba, ka tafi da abin da ka samu. Layi goma masu lambar shaida iri ɗaya sun isa a tsayar da maganar 'yan sanda, sauran a ƙarasa a natse.

Ka fara da mahaifinka. Kunyar da kake jiye masa gaskiya ce, amma ka auna ta da wadda zai ji idan bayan wata shida ta fito cewa ɗansa ya sani ya yi shiru ana wulaƙanta dattijo sa'ansa. Ka faɗa masa da bakinka, ka roƙe shi ya raka ka ko ya yi maka iso. Wurin Alhaji kuma da ƙafa ake zuwa, ba da saƙon waya ba. Ka buga takarda ɗaya ko biyu: sunan ɗalibi, adadi, sau nawa ya shiga, rasit nawa ke akwai. Kada ka cika shi da kalmomin sana'a, zai ɗauka kana ɓuya a bayansu. Abin da za ka ce bai wuce wannan ba: Baba, na duba, manhajar da na yi tana rubuta wasu biya sau biyu, kuɗin da ake nema yawancinsu ba su taɓa shigowa ba balle a ɗauka, kuskuren nawa ne, ga shaida, ina roƙo a dakatar da maganar Malam kashiya. Kada ka ce netwok ne, kada ka ce kashiya ne ya danna sau biyu. Ko da ya danna sau goma, mutum ne ya ga allo bai motsa ba ya sake dannawa, kowa haka zai yi. Tsare wannan aikin mai rubuta manhaja ne.

Ka roƙi abu biyu saboda dattijon: a biya shi albashin da aka riƙe, kuma a wanke shi a gaban mutanen da aka zarge shi a gabansu. Idan a taron malamai aka faɗi zargin, a taron malamai za a janye shi. Bayan haka ka je gidansa kai da kanka ka nemi gafararsa, har da kwanakin da ka sani ka yi shiru. Haƙƙin mutum ne, mai shi ne ke yafewa.

Akwai wani abu da Alhaji zai gano bayan fushinsa ya sauka, gara ya ji daga gare ka. Ɗalibin da ya biya wani ɓangare kuma biyansa ya ninku, manhaja za ta iya nuna ya gama biya alhali da saura a kansa. Wasu iyayen makaranta tana bin su bashi ba su sani ba, wataƙila ma an ba su takardar shaidar kammala biya. Ka shirya jerin sunayensu, ka ba da shawara a rubuta musu wasiƙa mai ladabi da ke cewa kuskuren daga manhajar makaranta ne, a ba su lokaci, kada a kori ɗan kowa daga aji a kan wannan. Game da ko za a ce ka biya: kuɗin da ba su shigo ba babu wanda ya ci su, don haka ba bashi ba ne a wuyanka. Amma gyara, da daidaita lissafin zangon kaf, da zama da ma'aji har komai ya fito, duk a kanka suke kyauta. Zai yiwu Alhaji ya karɓe aikin ya ba wani, ba zan ce maka ba zai yiwu ba. Idan haka ta faru ka miƙa kod da rumbu da mabuɗai cikin mutunci, tare da bayanin kurakuran a rubuce.

To, ga abin da ya karye a cikin manhajar.

Ta ƙofa biyu nake zargin maimaicin ya shigo. Ta farko teburin kashiya: ya cika fom, ya danna, intanet ta yi nauyi, ya sake dannawa ko ya sabunta shafin, sabar ta karɓi buƙata biyu ta rubuta layi biyu. Ta biyu biyan intanet. Idan uba ya gama biya, burauzarsa tana dawowa shafinka, a lokaci guda kuma Paystack yana turo wa sabarka saƙon tabbaci ta webhuk. Matasa da yawa suna rubuta biyan a wurare biyun duka. Ƙari a kan haka, idan sabarka ba ta amsa webhuk da 200 ba, wato lambar da ke nufin saƙo ya iso lafiya, Paystack zai ci gaba da sake turowa har tsawon awa 72, kuma haka ya kamata ya yi, don kada biyan wani ya ɓace. Idan kod ɗinka yana tsayawa ya haɗa rasit na PDF ya tura saƙon tes kafin ya amsa, ko ya faɗi a tsakiya bayan ya riga ya rubuta layin, to ga inda sau uku ɗin nan ya fito.

Na san abin da za ka ce: ai na sa sharaɗi, kod yana dubawa ko lambar tana nan kafin ya rubuta. Wannan sharaɗin ne ke yaudarar mutane. Buƙata biyu sun iso tare, ta farko ta duba ba ta ga komai ba, kafin ta rubuta ta biyu ma ta duba ba ta ga komai ba, duka biyun suka rubuta. A laftof ɗinka ba za ka taɓa ganin wannan rige-rigen ba, domin kai kaɗai ne ke dannawa. Wanda zai iya raba wannan gardama shi ne rumbun bayanai, domin duk buƙatun a ƙofarsa suke haɗuwa. Ka sa UNIQUE, wato sharaɗin da ke hana lamba ɗaya shiga sau biyu, a kan lambar shaidar biya. Ta farko ta shiga, ta biyu rumbu ya ƙi ta, kod ɗinka ya kama ƙin ya amsa da 200 kamar komai lafiya, domin lafiyar ce: biyan yana nan, sau ɗaya. Don kuɗin hannu, duk lokacin da aka buɗe fom sabar ta haɗa masa lamba ta musamman, UUID, a ɓoye cikin fom ɗin, ita ma da UNIQUE a kanta; ko sau nawa aka danna, lamba ɗaya ce ke zuwa. Lambar rasit ɗin takarda ma ta zama dole, kuma kada ta maimaitu. Kashe madanni bayan dannawar farko yana da kyau don sauƙin mai aiki, amma ba kariya ba ce, kada ka jingina da shi.

Za ka ci karo da matsala nan take: MySQL ba zai yarda ka sa UNIQUE a kan ginshiƙin da ya riga ya ƙunshi maimaici ba, kuma na hana ka gogewa. Mafita ita ce ka ƙara sabon ginshiƙi mai karɓar NULL, wato gurbin da ba a cika ba, ka ɗora UNIQUE a kansa, domin MySQL yana barin NULL ya maimaitu. Layukan asali ka cika musu lambarsu, maimaitattun ka bar su NULL, sababbi kuma dole su zo da lamba.

Su maimaitattun kuma soke su ake yi da sabon layi. Dubi littafin bashi na ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi a Kantin Kwari: idan yaronsa ya rubuta kaya sau biyu ba ya yage shafin, a ƙasa yake rubuta an cire kaza saboda kaza, domin ranar da gardama ta tashi littafin ne zai yi magana. Teburin biyanka haka zai koma. Babu UPDATE a kan adadi, babu DELETE. Kowane gyara sabon layi ne mai adadin ragi, yana nuna layin da ya soke, da dalili, da sunan wanda ya yi, da wanda ya amince. Ka cire wa asusun da manhaja ke shiga rumbu da shi ikon gogewa a wannan teburin gaba ɗaya, ta yadda ko kai ka yi kuskure a kod rumbu zai hana.

Idan kana da ginshiƙin da ke riƙe da ragowar bashin ɗalibi, wanda kod ke karantawa ya rage ya mayar, shi ma rige-rigen nan yana cinsa. A makaranta mai ɗalibai dubu ko dubu biyu, ka lissafa ragowar daga layukan biya da SUM duk lokacin da ake buƙata, MySQL ko gezau ba zai yi ba. Idan dole sai ka ajiye ta, to rubuta biya da gyara ragowa su kasance cikin DB::transaction guda, ka kulle layin ɗalibin da lockForUpdate, ko duka su shiga ko duka su fasa. Ka duba da SHOW TABLE STATUS cewa teburanka nau'in InnoDB ne, domin nau'in MyISAM ba ya mutunta wannan dunƙulewa kuma ba zai yi maka gargaɗin da za ka lura da shi ba. Sannan ka dubi nau'in ginshiƙin kuɗi. Idan FLOAT ne ko DOUBLE, canza shi, domin ba sa riƙe adadi mai ɗigo daidai. Buɗe burauza ka tara 0.1 da 0.2 a JavaScript, za ka ga 0.30000000000000004. Ka ajiye kuɗi da kwabo a BIGINT, kamar yadda Paystack kansa yake karɓar adadi da kwabo, naira 50,000 ta zama 5,000,000, sai wajen nunawa ka raba da 100.

Webhuk ɗin kansa ka tsare ƙofarsa. Paystack yana sa hatimi a kan kowane saƙo a x-paystack-signature, HMAC SHA512 ne da mabuɗinka na sirri. Idan ba ka gwada shi, duk wanda ya gano adireshin zai iya turo maka saƙon ƙarya ya biya wa ɗansa kuɗin makaranta da iska. Ka gwada adadin da ya zo da adadin da kake jira. Ka rubuta, ka amsa, sannan rasit da saƙon tes su bi layin jira na Laravel a yi su a baya. Shafin da burauzar uba ke dawowa kuwa ko dai ya nuna matsayi kawai, ko ya bi ta wannan ƙofa guda mai UNIQUE.

Kafin ka ce ka gyara, ka karya shi da hannunka a sabar gwaji. Tura buƙata iri ɗaya guda 20 a lokaci guda da manhajar gwaji ta Apache Bench, ka ƙirga layuka, dole ka ga ɗaya. Yi wannan a tsohon kod tukuna don ka ga cutar da idonka, sannan a sabo. Ka rubuta shi a matsayin gwajin da zai zauna cikin aikin. Kwafin ajiya ma gwada shi ake yi: a ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniya a kamfanin GitLab ya goge rumbun da ke aiki bisa kuskure, aka waiwayi hanyoyin ajiya biyar aka tarar babu wadda ke aiki yadda aka zata, suka yi asarar bayanan kusan awa shida. Sau ɗaya a wata ka dawo da kwafinka a wata na'ura ka ga ya tashi.

Abin da ya fi ba ni takaici a labarinka shi ne sai ƙarshen zango aka gano. Da manhajar tana fitar da rahoton rufe rana, kashiya ya ƙirga abin da ke aljihun tebur, ya gwada da allo, ya sa hannu, ma'aji ya sa hannu, da tun ranar farko an ga giɓin naira dubu kaɗan an tambayi dalili, kuma da shi dattijon ne zai fara kiran ka. Ka gina wannan shafin kafin duk wani sabon abu da Alhaji zai nema. Ka haɗa da aikin dare da ke gwada jerin Paystack da teburinka ya turo saƙo idan sun saɓa. Manhajar da ke riƙe kuɗin mutane dole ta zo da hanyar kama kanta, domin ma'aikacin da ke zaune a gabanta ba shi da yadda zai yi gardama da allo.

Batun sake gini da Node.js kuwa, ka ajiye shi. Duk abin da na lissafa babu ɗaya da ya shafi yaren da ka yi rubutu da shi. Ka kwashe wannan tunanin ka kai Node.js ko Go ko Java, biyan zai ninku kamar yadda ya ninku a PHP. Wikipedia a kan PHP take tafiya har yau, kuma makarantar Alhaji ba ta kai ta baƙi ba. Rarraba aiki ƙananan sabis ma ƙara maka ciwon zai yi, domin da zarar biya yana rumbu ɗaya lissafin ɗalibi yana wani, dunƙulewar da MySQL ke ba ka kyauta ta tafi, sai ka gina ta da hannu a kan netwok ɗin da ke yankewa. Kamfanoni suna yin haka ne idan ma'aikatansu sun yi yawa har suna taka ƙafar juna a kod guda, kai kuwa kai kaɗai ne. Netscape ya taɓa zubar da kod ɗin burauzarsa ya fara daga tushe, tsakanin fitowar ta 4 a 1997 da ta 6 a 2000 kasuwa ta koma hannun Internet Explorer. Ina ganin sha'awar sake ginin nan rabinta son guje wa kallon kod ɗin da ya ba ka kunya ne. Zauna da shi. Wanda ya bi diddigin biya ɗaya daga madanni zuwa rumbu zuwa banki ya gano inda ya rabu biyu ya koyi aikin bayan fage fiye da wanda ya canza yare uku. Idan kana son Node.js, koye shi a wani ƙaramin aiki da babu kuɗin kowa a ciki.

Idan Alhaji ya bar aikin a hannunka, kada ku koma kan amana ta baki kawai, ko da aminin mahaifinka ne. Ku rubuta takarda: kuɗin kula da manhaja kowane zango, wa ke da ikon soke biya, wa ke riƙe da mabuɗin sabar bayan kai, ina kwafin ajiya yake zaune. Ka sa sharaɗi guda da bakinka, cewa duk ranar da lissafin manhaja ya saɓa da na hannu, za a kira ka a duba rumbu da log kafin a tuhumi kowane ma'aikaci. Ka kuma nemi wani da ya girme ka a sana'ar ya karanta ɓangaren kuɗi na kod ɗin kafin zango mai zuwa ya fara, ko da biyansa za ka yi daga aljihunka.